Kwana Huɗu Zuwa Ashinuma

Wata ɗaya aka ce wa Ya Falmata. Za a cire mata yanar da ta rufe idonta na dama, ta huta, ta ga jikoki, ta koma. Da wannan alkawarin ta bar mijinta Malam Kiari a Ashinuma, ƙauyensu na dabino can bayan Dirku, yana tari yana cewa ba komai, sanyi ne. Ta hau bayan kamiyo, motar kaya, a kan buhuna, kwana biyu da wuni cikin rairayi har Agadas, ta kwana a tasha, sannan ta shiga babbar mota wuni da dare zuwa Yamai. Kwana huɗu cur. Da ta sauka ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Aikin idon bai kai awa ɗaya ba. Cikin mako uku tana zura zare a allura, abin da rabonta da shi shekara shida. Ta gode wa Allah, ta ɗaure kayanta, ta ajiye su a bakin ƙofa.

Ɗanta Mu'azu, wanda ya aika aka kawo ta, yana da butikin kayan babur kusa da kasuwar Wadata. Ya dawo da yamma ya tarar da ƙullin kaya, ya yi dariya.

"Iya, ina zuwa haka? Lokotoro ya ce sai ya sake duba idon bayan wata ɗaya. Ki shiga rairayin nan da sabon aiki, ki lalata mana shi?"

Ta ga gaskiyarsa, ta kwance kaya. Wata ya cika, lokotoro ya duba ya ce ido lafiya lau. A makon nan kuwa matar Mu'azu, Ramlatu, ta haifi ƴa mace, ta uku a gidan. Wace uwa ce za ta ɗauki kaya ta bar suruka da ɗanyen jego? Ya Falmata ta tsaya suna, aka sa wa yarinya Maryam. Ta tsaya wankan arba'in. Ita ce hura wuta, ita ce dama kunu, ita ce gasa cibiya. Ana cikin haka ƴar aikin gidan ta tafi garinsu ba ta dawo ba, kuma ba wanda ya nemi wata.

A yi wa Ramlatu adalci, ba ta taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba. Haihuwar Yamai ce, ma'aikaciya a wani buro, Hausarta da ɗan gishirin Zabarmanci, bakinta kuma zaƙi kamar an zuba sukari. "Fofo, Iya, sannu da aiki. Wallahi Maryam ba ta barci sai a bayanki." Da irin wannan maganar ake ɗora wa mutum kaya har ya ce an gode. Kafin Ya Falmata ta farga, goyo nata ne, wankin tsumma nata ne, shirya manyan yara biyu zuwa makarantar lakkwal nata ne, tukunyar rana ma tata ce.

Abin da ke riƙe da ita shi ne ranar Juma'a. Malam Kiari ba ya da waya, amma maƙwabcinsu Isa yana da ita, kuma in an sauko masallaci yakan kai masa. Mu'azu ya kira, ya miƙa mata, ta koma bayan ɗaki ta tsuguna. Shekara talatin da ɗaya suna tare. Ba shi ne uban Mu'azu ba, ta zo masa da yaron yana shekara uku bayan rasuwar mijinta na fari, ya riƙe shi bai taɓa nuna masa bambanci ba. Su biyu kuwa Allah bai ba su haihuwa ba, sai junansu.

Juma'ar da ta rage kwana kaɗan a kama azumi, muryarsa ta zo a shaƙe, yana magana yana tsayawa.

"An ce ido ya buɗe sarai?"

"Ya buɗe, Malam. Har tururuwa ina gani."

"To ki zo ki gan ni da shi tun ina nan."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har Isa ya karɓi wayar. Isa ya ce mata jikin dai sai addu'a, abinci ba ya shiga, matarsa ce ke kai masa kunu. Ya Falmata ta fito daga bayan ɗaki, ta ce wa Mu'azu gobe za ta tafi.

"Gobe? Iya, kin san halin da hanya take ciki kuwa? Daga Tawa zuwa Agadas kwalta ta mutu, mota sai ta kwana biyu. Daga Agadas kuma ba a tafiya sai da rakiyar soji, an ce ma sun dakatar. Ki bari in bincika. Zan aika masa magani."

Ya ce zai bincika. Mu'azu ya iya wannan kalmar ƙwarai, da ita ya cinye mata mako guda.

Ran biyar ga azumi ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai saba ba. Idanunsa jawur. Ya shige ɗaki, Ramlatu ta bi shi, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Da ya fito Ya Falmata tana tsakar gida tana shanya kayan jaririya.

"Lafiya? Idonka ya yi ja."

"Zazzaɓi ne, Iya, ga azumi."

Ta haɗa masa jiƙo don buɗa-baki. Kwana uku a jere yana fita da farar riga tun safe, ya ce wani aiki ne ya taso a Harobanda, gidan abokinsa, ƙetaren kogi. Ta yi masa addu'a Allah ya sa albarka a aikin. A makon ne hutun haihuwar Ramlatu ya ƙare, ta koma buro, ta bar mata Maryam da kwalbar madara.

Juma'a ta zo, Ya Falmata ta yi wanka ta zauna jiran waya. Mu'azu ya danna, ya kanga a kunne, ya girgiza kai.

"Ba rezo. An ce iska ta kayar da ƙarfen da ke Dirku."

Juma'a ta gaba ƙarfen bai tashi ba. Ta gaba kuma wayar Isa ce ta lalace. Daga nan sai saƙo ya fara zuwa ta bakin Mu'azu kaɗai. Wai ya gamu da wani direba, ya ce Baba Kiari ya ji sauƙi. Wai har yana zuwa gona. Wai yana gaishe ta, ya ce ta zauna ta kula da jikoki, kada ta wahalar da kanta. Wannan ta ƙarshe ta tsaya mata a rai, don Malam Kiari bai taɓa cewa ta zauna a ko'ina ba. Amma wa zai zauna ya zargi ɗan cikinsa a kan irin wannan? Ta ce ciwo ne ya sauya shi.

Bayan ƙaramar salla aka yi bikin ƙanwar Ramlatu a Tondibiya. Mata suka cika gidan Mu'azu tun ana jibi, aka kawo mai lalle. Ya Falmata ta ce ita ta tsufa da wannan, suka ce ina, uwar miji guda ba za ta shiga taro da farar ƙafa ba. Suka zaunar da ita suna mata tsiya, aka ƙunsa mata hannu da ƙafa, aka ɗinka mata atamfar anko mai ja da ruwan ɗorawa, aka turara ta, aka sa mata kwalli a idon da aka gyara. Ramlatu da kanta ta maƙala mata ƴan kunne. Ta dubi madubi ta ji kunya, ta kuma ji daɗi, ta ce a ranta da Malam yana nan da ya sami abin zolaya na shekara.

Mu'azu ya shigo ɗaukar makullin mota. Ya gan ta, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ta ɗaga masa tafukan hannunta tana dariya.

"Ka ga abin da matan Yamai suka yi wa uwarka?"

Ya dubi Ramlatu, Ramlatu ta sunkuya tana gyara ɗaurin wata yarinya. Ya ce, "Ya yi kyau, Iya," ya ɗauki makulli ya fita. A wurin bikin har an ja ta tsakiyar fili ta taka sau biyu, mata na guɗa.

Zafi ya zo, aka ce ba mai hankalin da zai sa tsohuwa cikin hamada a wannan lokaci. Babbar salla ta zo, aka ce motoci sun cika da raguna da masu tafiya gida, a bari ta wuce. Damina ta faɗi, aka ce ruwa ya cinye wata gada. Kowane wata da nasa dalilin, kuma kowane dalili da ƙanshin gaskiya a jikinsa, shi ya sa ƙaryar ta yi ƙarko. Ya Falmata ta rame. Bayanta ya fara ciwo saboda goyo, Maryam ta yi nauyi. Abincin Yamai bai taɓa zama mata a ciki ba. Da la'asar takan zauna a dandamalin ƙofar gida ta fuskanci arewa, ba ta ganin komai sai bangon maƙwabta da wayoyin lantarki. Ta daina ɗaure kaya, don ta gaji da kwancewa a gaban yara.

Wata rana maƙwabciyarsu Malama Iklima, wadda ke koya wa matan unguwa karatu, ta ce mata an fara sauke sabon dabino a Wadata, har da na wajensu. Ya Falmata ba ta taɓa zuwa kasuwar ita kaɗai ba, ko da yake ba nisa. Ta ɗinka wa Malam Kiari hula tun watan jiya, ta rasa wanda za ta ba. Ta jira Ramlatu ta tafi buro, yara suka tafi, ta goya Maryam, ta ƙulle hular a bakin zane, ta bi gefen titi tana kauce wa babura da masu tura amalanke.

Tun daga nesa ta gane dabinon yankinsu na Kawar, busasshe, ƙanana, a buhunan da aka ɗinke baki da kaba. Mai shi yana aunawa da tiya. Ya ɗago, ya saki tiyar.

"Ya Falmata? Ke ce?"

Mahamadou ne, mutumin Dirku, wanda ya sha sayen dabinon gonarsu. Ya zagayo ya durƙusa, ya cire hula.

"Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Da ni aka yi masa salla. Ashe har kin fita takaba."

Ta ji maganar sarai. Hayaniyar kasuwa ce ta daina ji.

"Wane Malam?"

Mahamadou ya dube ta, ya dubi ƴan kunnen da ke kunnenta, fuskarsa ta sauya. Ya so ya janye maganar, amma ta riga ta fita. Ya jawo buhu ya zaunar da ita, ya gaya mata duka, don ta ce in bai gaya mata ba Allah ya isa. Ran biyar ga azumi, da hantsi. Isa ya kira Mu'azu tun kafin a kai shi makwanci. Mu'azu ya ce jikin uwarsa ba daɗi, hawan jini, shi zai gaya mata a hankali, kada kowa ya kira. Daga baya ya ce musu tana takaba a Yamai, lokotoro ya hana ta tafiya. Mutanen Kawar da ke birni kuwa sun je sun yi wa Mu'azu gaisuwa kwana uku a Harobanda.

"Ɗakina fa?"

"A rufe yake. Mata sun zo zaman makoki ba su sami wadda za su yi wa gaisuwa ba, sai matar Isa ta zauna a madadinki." Ya ƙara da ƙyar. "Kin san bakin mutane. Wasu sun ce birni ya yi miki daɗi."

Ba ta yi kuka a kasuwa ba. Ta tashi, ta gyara goyo, ta kama hanya. Ba gida ta nufa ba, gidan Malama Iklima ta shiga, ta tarar da ita tana tsince shinkafa. Ta cire ƴan kunnen tun a tsaye, ta ajiye su a kan tabarma, ta ce mijinta ya rasu, tana so a gaya mata yadda za ta fara takaba yau.

Malama ta yi salati, ta kama hannunta, ta tambayi ranar. Ta ƙirga watanni da yatsu, ta sake ƙirgawa.

"Iya, wata huɗu da kwana goma ne, kuma daga ranar rasuwa ake lissafi, ba daga ranar da aka ji ba. Taki ta cika kwana ashirin da suka wuce."

"Ban yi ba, ta yaya ta cika?"

"Ba laifi a kanki ko kaɗan. Ba ki sani ba."

"Ban tambaye ki laifi ba, Malama. Mutumin nan shekara talatin da ɗaya muna tare. Na sa lalle, na sa turare, na yi rawa a Tondibiya yana kwance bai yi wata biyu a ƙasa ba. Ina so in zauna masa. Ba a ramawa?"

"Ba a ramawa, Iya. Sai addu'a da sadaka."

A nan ne kukan ya zo. Maryam ta farka a bayanta ta kama nata, Malama ta kwance ta ta riƙe.

Da magariba ta kusa Mu'azu ya dawo, ya tarar da uwarsa zaune a tsakar gida a kan tabarma, ƙullin kaya a gefenta. Ramlatu na tsaye a ƙofar kicin da jaririya. Kallo ɗaya ya yi ya gane.

"Na ga Mahamadou mai dabino," in ji Ya Falmata.

Ya tsuguna nesa da ita. Dalilan suka fara fitowa, a shirye suke, da ma wata biyar yana gyara su. Don ita ya yi. Jininta yana hawa, labari irin wannan yana iya kayar da mutum. Ko da ya gaya mata a ranar, kafin ta kai Doso an riga an binne. Me za ta je ta tarar? Ɗaki ba kowa, ba mai ɗebo mata ruwa. A nan kuwa ga asibiti, ga jikoki, ga fanka. Kullum yana niyyar faɗa, sai ya ga ta ɗan saki jiki, ya ce bari sai gobe.

Ta bar shi ya gama.

"Da ya ce in zo tun yana da rai, kwana nawa ya yi bayan nan?"

"Kamar takwas."

"Hanyar kwana nawa ce?"

Ramlatu ce ta matso, da muryar nan tata mai taushi, tana hawaye na gaske.

"Iya, ki gane mana. Hutuna ya ƙare a makon, ba wanda zan bar wa yarinya. Mun san in kin ji ba za ki zauna ba. Cewa muka yi in ta ɗan yi ƙwari, ko ta fara rarrafe..."

Mu'azu ya daka mata harara, amma ta riga ta faɗi abin da shi ya kasa. Ya Falmata ta gyaɗa kai a hankali. Ta fi jin daɗin wannan da duk maganganunsa, ko ba komai gaskiya ce.

"Ranar lalle kana tsaye a ƙofar can," ta ce wa ɗanta. "Na nuna maka hannuna."

"Iya, ni ma na yi kuka. Na zauna makoki, na yi sadaka. Na yi abin da ya kamata, ko da yake ai ba shi ya..."

Ya haɗiye sauran. Ta dube shi da idon da ya biya aka gyara, ta daɗe tana dubansa.

"Ƙarasa mana. Ba shi ya haife ka ba. Shi dai bai taɓa faɗa ba, har ya mutu."

Washegari da hantsi ta ɗauki kayanta da kanta ta fita. Mu'azu ya bi ta yana cewa ta bari ya bincika, ta ce ya bincika ya isa. Dole ya tare taksi ya kai ta tashar manyan motoci. Ta ƙi zama a benci, ta je gaban tagar mai sayar da biye, takardar shiga mota, ta tsaya kusa da ɗanta. Wani saurayi ne da tabarau, yana rubutu bai ɗago ba.

"Agadas, mutum ɗaya," in ji Mu'azu.

"Ta gobe da asuba. Suna?"

Ya Falmata ta sa kai a tagar. "Ɗana, yaushe aka buɗe hanyar?"

"Wace hanya, Iya?"

"Ta Agadas. An ce ta lalace, an ce ruwa ya cinye gada."

"Hanyar dai ba kyau, ana shan wuya, wani lokaci a yi latti. Amma tashi muna tashi. Ko jiya mota biyu suka tafi."

"Da azumi fa?"

"Har da azumi." Ya buga hatimi, ya miƙo takardar. Duka abin bai kai minti biyar ba.

Haka ake yi a gidaje da yawa a birnin nan, kuma ba wanda ke kiransa zalunci. A ɗauko tsohuwa daga inda ta san kowa, a kawo ta inda ba ta san ko hanyar kasuwa ba, a riƙe wayar, a riƙe labarin, a ce ana hutar da ita. Nisan garinsu ya zama katanga da ba sai an gina ba. In ka tambaya a ce maka ai tana cikin daula, ga fanka.

Ta ƙi komawa gida. Ta shimfiɗa zane a rumfar matafiya cikin mata masu jiran mota, ta ce a nan za ta jira. Mu'azu ya tsuguna a gabanta, babban mutum da gemunsa, mutane na wucewa suna kallo.

"Can ɗin wa kike da shi yanzu, Iya? Me za ki je yi?"

"Zan buɗe ɗakina in zauna. In ba a karɓa a matsayin takaba ba, shi ya san na zauna. Matan da suka zo ba su same ni ba, su zo su same ni."

"Ki yafe mini."

Ta ninke takardar biye, ta ƙulle ta a bakin zane.

"Nawa na wahalar goyo da wanki na yafe, wannan ba komai ba ne, jikokina ne. Amma mutumin da ya kwana takwas yana sauraren ƙarar mota, ba ni ce zan yafe a madadinsa ba. Ka je kabarinsa ka gaya masa hanya ce ta lalace."

Ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe kanta.